Ban Ji Shigowarsa Ba

Zuwa ga ɗiyata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman nesa da gida? Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar hagu da hawan jinin nan da ya mayar da jikina gidan ubansa. Barci kuwa sai dai in ji labarinsa a bakin mutane.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Kin san ƙofata a gindin matakala take, kuma matakalar gidan benen nan ba ta riƙe sirri. In na yi atishawa a ƙasa, matar mai gyaran rediyo ta hawa na huɗu ce ke fara yi mini sannu. Maganar da zan yi miki ba ta kunnen maƙwabta ba ce.

Maganar babanki ce. Kada gabanki ya faɗi, yana nan garau da ƙafafunsa, kuma abin da ya dame ni ke nan.

Kin san yadda yake hawa zuwa ɗakinsa tun da ƙurar katako ta gama da huhunsa. Ya ɗan hau, ya tsaya a kwanar farko, ya dafa ƙarfe, ya yi tarin nan nasa mai kama da ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Ya huta, ya ƙara gaba, ya sake tsayawa a kwana ta biyu. Shekara da shekaru da tarin nan nake sanin ya dawo gida. Ina kicin ina wanke-wanke, da na ji shi sai in ce to, Yaya ya shigo, in sa sakata. Tun rasuwar mamanki ma bai cika fita ba, daga asibiti sai gida.

To ga abin da ake ciki yanzu. Duk Talata da Asabar da la'asar sai in hango shi ta taga ya fita, riga a goge, takalmi na ƙyalli, mutumin da sai na yi da gaske yake canza riga. Fitarsa nake gani, dawowarsa ba na ji. Ina kasa kunne har a rufe shagunan layi. Mutane na hawa suna sauka, amma babu tari, babu mai tsayawa a kwana. Da safe in hau in ƙwanƙwasa, ga shi zaune yana kurɓar shayi har da yi mini fara'a. Ke ma ba yarinya ba ce. Mutum ya fita da yamma, ba a ji shigowarsa ba, a gan shi da safe yana murmushi. A ina ya kwana?

Na tambaye shi, wai ya je shan iska. Mutumin da iskar ma da ƙyar take yarda ta shiga ƙirjinsa.

Ba shi ke nan ba. Shekaranjiya na kai masa abinci na tarar da shi da kofin ruwa a gaba, ya tsoma siririn bututun nan na shan lemo yana hurawa, ruwa na ɓulɓulowa, shi kuma yana wani gunji ta hanci. Yana ganina ya tura kofin bayan rediyo. Da ya shiga banɗaki na ɗauko na shinshina. Ba ya warin komai, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don maganin kirki yana da wari.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ni ƙanwarsa ce, in na matsa sai ya ce na fiye sa ido. Ke ce 'yarsa tilo, ki faɗa mini yadda za a yi.

Goggonki ta gindin matakala.

*

Goggo,

Na amsa sallamarki, na gode da gaisuwa. Ina nan lafiya, sai ciwon wuya na yawan sunkuyo a kan keken ɗinki. Ya gwiwar? Kina shan maganin hawan jinin yadda aka ce kuwa, ko kin koma raba ƙwaya biyu don ya daɗe? Na san halinki.

Wasiƙarki ta same ni na dawo daga aiki, a tsaye na karanta ta ko takalmi ban cire ba. Ashe ba ni kaɗai na lura ba. Ni ma akwai abin da ke cina a rai, na yi shiru don kada a ce na cika zargi.

Kin san yadda Baba ke magana a waya. Ya faɗi kalma biyu ko uku, ya tsaya ya jawo numfashi, ni kuma in jira. Na saba da jiran nan har ya zama jikina. To ranar Lahadi sai ya zubo mini zance tiryan-tiryan babu tsayawa, kamar wanda aka biya wa ya haddace. Kuma me yake cewa? Wai maganar tahowarsa wurina a ɗan dakata, ai babu gaggawa. Na ce Baba, wa ya ce maka babu gaggawa? Sai ya yi dariya ya canza zance.

Goggo, a gabanki muka yi magana bayan rasuwar Mama. Ya yarda ƙarshen shekara zai bar benen nan ya dawo wurina. A kan haka na saki ɗakina na kama mai ɗaki biyu a ƙasa, ko matakala ɗaya babu, ga asibiti a bayan layi. Na sa masa gado, na ɗinka labule da hannuna, na ajiye kujera a jikin taga inda rana ke shigowa da safe. Yanzu kuma wai a dakata.

Ni abu biyu nake tsoro. Dattijo ne, matarsa ta rasu, gidan nasa ne na kansa, 'yarsa ta yi nisa. Akwai masu farautar irin wannan, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai wata ce ta ga wurin zama, ko kuma masu maganin ƙarya ne suka same shi, irin masu cewa ka zubar da na asibiti ka sha nasu. Kofin ruwan nan bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Ki taimake ni da abu uku. Ki duba ko yana amfani da abin shaƙarsa. Ki leƙa akwatin Mama ki ga ko an taɓa kayanta. Sannan ranar Talata ki bi shi a baya, ki ga ƙofar da yake shiga. Kada ki bari ya gan ki, kin san shi da zuciya.

Ni ce 'yarki.

*

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da wuyan. Ki riƙa ɗaga kai kina juya shi, keken ba zai gudu ba. Maganina ina sha, kuma rabin ƙwayar da kike faɗa sau ɗaya na taɓa yi, sai ya zama abin gori.

Aikenki na yi shi. Abin shaƙa yana nan a aljihunsa, na girgiza na ji ya ragu, ke nan yana amfani da shi. Akwatin mamanki ba a taɓa ba, ƙurar da ke kansa ma ta isa shaida.

Ranar Talata na bi shi. Zan gaya miki abin kunya, sai da babanki ya ba ni rata. Mutumin da nake tsayawa jira a kowace kusurwa, yau ni ce ke haki a bayansa ina jan gwiwa. Ya wuce kantin magani, ya wuce inda bas ke tsayawa, ya zagaya bayan laburare, ya shige ɗakin taron nan mai koren ƙofa da ake ba masu biki haya. Na samu bulo a gindin taga na taka na leƙa.

Ɗaki cike da mutane, maza da mata, tsofaffi sun fi yawa. Na gane wasu. Ga direban bas ɗin nan mai ƙaton ciki, ga mai askin bakin titi, ga matar mai kantin magani da nake ganin girmanta. Duk suna tsaye sun rufe ido suna tsaki mai tsawo, ssss, kamar tayar da ƙusa ta huda. Suka gama wannan suka shiga kaɗa leɓe irin na yaro mai wasan mota. Suka ɗaga kafaɗu suka saki. Mutane masu jikoki, ɗiyata.

A gabansu akwai wata doguwar mata mai furfura, tabarau rataye da igiya a wuya. In ta ɗaga hannu su ja numfashi, in ta sauke su saki. Ko ƙifta ido ba sa yi sai da izininta. Ina kallo ta ratso cikinsu ta zo gaban babanki, ta ɗora tafin hannunta a cikinsa, nan ƙasan haƙarƙari, ta ce masa wani abu. Shi kuma ya yi dariya har da jefa kai baya. Rabona da jin wannan dariyar tun mamanki na da rai, kuma wallahi zafi na ji maimakon daɗi.

Ban ga ƙarshen abin ba, don mai gadi ya zo yana tambayata ko na yi ɓatan hanya, na sauko da sauran mutuncina na kama hanyar gida. Na kasa kunne kamar kullum, babu tari.

Ban san sunan abin da suke yi ba, amma biri ya yi kama da mutum. Doguwar nan ta riƙe shi, kuma ba shi kaɗai ba. Ranar Asabar zan shiga da ƙafata in zauna a tsakiyarsu in ga ƙwaƙwaf. Kada ki ce masa komai sai kin ji daga gare ni.

Goggonki.

*

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Dole in yi fata, tunda ba ki ga damar sanar da ni ba. Ni ina nan yadda kika bar ni, sai dai ba na iya cin abinci.

Wata ya wuce da wasiƙarki ta ƙarshe. Kika ce in jira, na jira. Kullum na dawo sai na buɗe akwatin wasiƙu, babu komai sai takardar kuɗin wuta. Na kira ki, kika ce mini lafiya lau, za ki rubuto, kika kashe kamar ana korar ki. Na koma kan ƙarshen wasiƙarki na yi ta karantawa: ta riƙe shi, kuma ba shi kaɗai ba. Sai yanzu na gane har da wa kike nufi.

Don na kira matar mai gyaran rediyo. Ta ce ai yanzu ku biyu kuke fita, Talata da Asabar, kina gaba yana baya, har sabon mayafi kika saya. Na aike ki ɗebo wuta, Goggo, kin samu wuri kin zauna jin ɗumi. Me ta ba ki? Ko ke ma kofin ruwan aka miƙa miki?

Tunda babu wanda zan dogara da shi, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kira Baba na gaya masa na san komai. Na san koren ƙofa, na san matar da ke ɗora masa hannu a ciki a gaban jama'a. Na ce ko shekara Mama ba ta cika a ƙasa ba, har ya samu wurin dariya. Na ce in shi ya manta da ita, ni ban manta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Uwata." Bai musa ko kalma ɗaya ba, kuma mai gaskiya ai yana musawa.

Na sayi tikitinsa na ƙarshen wata. Ba zan jira ƙarshen shekara ba, kafin a sa shi ya sa hannu a wata takarda. In har yanzu ke Goggona ce, ki taya shi haɗa kaya. In kuma kin zama tasu, ki faɗa mini in san inda na tsaya.

'Yarki, ko da ranki ya ɓaci.

*

Ɗiyata,

Na gaishe ki don gaisuwa wajibi ce. Lafiyata ƙalau, ta babanki ce babu, kuma ni da ke muka jawo. Ni na kunna wutar, ke kika zuba mata fetur. Ki samu wuri ki zauna, takardar nan tana da tsawo.

Ranar Asabar ɗin na shiga kamar yadda na ce, fuska a murtuke. Kafin in buɗe baki wani gajeren dattijo ya miƙo mini kujera, ashe mijin Doguwar ne, shi ke jera kujeru ya dafa shayi. Suka yi tsakinsu da kaɗa leɓensu, abin da na gani ta taga. Ashe wannan share fage ne kawai. Sai Doguwa ta ɗaga hannu, ɗakin nan ya ɗauki waƙa. Waƙa ce, ɗiyata. Ƙungiyar waƙa ce ta mutanen unguwa, Doguwa malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ba a biyan ko sisi, kowa dai ya zo da kofinsa. Nas ɗin da ke duba babanki ce ta tura shi, ta ce ya gwada. Hannun da na gani a cikinsa, ni ma an ɗora mini shi. Nuna maka take yi inda za ka ajiye numfashi, a ƙasa, ba a maƙogwaro ba. Bututun lemo kuma aikin gida ne, don ya koyi sakin iska a hankali.

Da aka tashi muka taho tare, yana ta sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata. Muka iso gindin matakala na tsaya ina kallon sa. Ya tsuke baki, yana ɗan gunjin waƙar ta hanci, yana sakin numfashi sannu sannu. Ya wuce kwanar farko. Ya wuce ta biyu. Na ji ƙarar mukullinsa a sama. Ashe duk kwanakin nan a gadonsa yake kwana. Shi yana dawowa, tarin ne ba ya dawowa, ni kuwa tarin nake jira.

Kin ce mai gaskiya yana musawa. Babanki ya ɓoye ne don tsoron maganar nan da kika faɗa masa. Ya ce mini mamanki ta yi rayuwarta tana waƙa a kicin, shi ko amshi bai taɓa yi mata ba, wai kafinta ba ya waƙa. Yanzu da ba ta nan ya buɗe baki, yana jin kunyar a gani. Mai aski ya ce ranar farko babanki bai rera komai ba, hawaye kawai ya yi ta sharewa da hular hannunsa.

Shirun da na yi kuwa kunya ce. Ta yaya zan rubuta miki cewa 'yar leƙen asiri ta koma 'yar amshi? Ranar nan na dawo na kwanta, ban farka ba sai da rana ta haska labule. Ina tsaye awa guda a cikinsu ban tuna da gwiwa ba. Kullum ina cewa gobe zan rubuta, in na samo yadda zan faɗa ba ki yi mini dariya ba. Mayafin dai na saya, ban ga laifinsa ba.

Kada ki ce an warkar da shi. Na raka shi asibiti, likita ya ce huhun yana nan yadda yake, abin da ƙura ta ci ba ya dawowa, kuma kada ya kuskura ya bar magani. Amma ya ce ɗan abin da ya rage babanki ya koyi tattalinsa. Da, in numfashi ya yi masa wuya sai ya firgita, firgicin ya ƙara shaƙe shi. Yanzu ya san yadda zai lallaɓa shi. Yana cin abinci, yana miƙe bayansa, yana da mutanen da in bai zo ba za su tambaya.

Ga abin da nake so ki gane. A waƙarsu akwai wurin da ake jan murya ta yi tsawo, tsawon da babu mai iya kai shi da numfashi ɗaya, balle su masu ƙirji duk faci. To sai su yi abin da suke kira satar numfashi. Babanki yana tsayawa tsakanin direba da mai aski, cikin masu kaurin murya. In nasa ya ƙare sai ya yi shiru ya ja iska, su biyun su riƙe. Ya dawo, direba ya saki ya ja tasa, babanki ya riƙe masa. Da gwiwar hannu suke yi wa juna ishara. Mai sauraro ba zai taɓa jin an yanke ba. Tun da ya ajiye zarto babu wanda ya nemi ya riƙe masa komai, kullum shi ake riƙewa. A can kuwa in babu shi direba ba shi da wurin numfashi.

Tun ranar da kika kira bai sake zuwa ba. Ya ce ba zai je inda zai ɓata wa 'yarsa rai ba. Asabar da ta wuce muna cikin jan muryar nan, direba ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, sai abin ya tsinke a tsakiya. Kowa ya kalli wurin da babu kowa.

Ya haɗa kayansa, har guduma da abin awonsa na ƙarfe ya naɗe a tsumma. Zai zo, bai taɓa ce miki a'a ba. Amma ki san wanda za ki tarba. Jiya ya sauka sayen burodi, ina kicin na ji shi a kwanar farko, na ji shi a ta biyu, ya daɗe a can. Na samu abin da na yi ta kasa kunne ina nema, kuma ban taɓa jin sautin da na tsana kamarsa ba.

Goggonki ce har gobe, ba ta kowa ba.

*

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina neman afuwar abin da na rubuta. Lafiyata lau. Na ji daɗi da kina barci, ko ba komai ɗaya daga cikinmu na yi.

Ba zan ɓoye miki ba, da na fara karanta wasiƙarki neman inda ƙarya take na yi. Na ce an tsara Goggo ne, ita ma an biya mata. Sai na kira Baba don in ji da kunnena. Ya ce, "Uwata," ya tsaya. "Kayana," ya tsaya. "Sun haɗu." Na tsinci kaina ina jiran nan da na saba, sai na ji kamar in nutse. Wannan muryar na yi ta nema a dawo mini da ita.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A wurin aikinmu kekuna ba sa barin a ji magana, kowa da abin toshe kunne, da hannu muke gaisawa. In na dawo babu wanda zan ce wa sannu. Ranar hutuna da ta wuce, sai da yamma da na je sayen madara na ji muryata ta shaƙe, na tuna ban yi magana da kowa ba tun jiya. Ina ta cewa matakala nake guje masa. Gaskiya ita ce kujerar nan ta jikin taga don kaina na saye ta, ina so in buɗe ƙofa in tarar da mutum a kai. Da na ji ya samu inda yake dariya ba tare da ni ba, kishi ne ya kama ni, na sa masa rigar Mama.

Na ba shi haƙuri, ban iya shi da kyau ba don kuka ya ci ƙarfina. Na ce, "Baba, in ka taho, wa zai riƙe wa direba?" Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa sai ya ce, "Ke fa, Uwata? Wa ke riƙe miki?" Har yanzu ina juya tambayar nan a raina.

Tikitin na canza shi ya zama nawa na tahowa gida, zan zo da hutun ƙarshen shekara. Ɗakin da na shirya masa kuma, wadda ke keken kusa da nawa ta daɗe tana neman wuri, na nuna mata da hannu ta zo ta gani. Tana da surutu, in ji waɗanda suka taɓa jin ta a waje.

Sai dai bai ce zai koma ba. Ya ce in bar shi ya gani, yana jin nauyin shiga bayan ya ɓace musu babu sallama. Na ɓata abin da ban san yadda ake gyara shi daga nan ba. Ki sa mini ido, wannan karon da izinina. Doguwar nan kuwa sai na gan ta da idona tukuna, ba na sayen kaya a cikin buhu.

'Yarki.

*

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yafe, ke ma ki yafe mini. Gwiwa tana nan da halinta, jini ya ɗan sauka in ji nas, ta ce in ci gaba da ƙwayar da waƙar duka. Ki gaishe mini da mai surutun.

Talatar farko bai je ba. Na hau na yi lallashi, na yi faɗa, ya ce in ƙyale shi. Ranar Asabar sai ga direba da mai aski a ƙofata, wai in ba su aron gindin matakala. Suka tsaya nan suka ɗaga kai suka fara waƙar, kin san matakalarmu ba ta ɓoye komai. Da suka iso wurin jan murya, suka kai inda babanki ke karɓa, sai suka yi shiru. Suka sake daga farko, suka sake yin shiru a wurin. Ƙofofi suka fara buɗewa, matar mai gyaran rediyo har da leƙo kai. A karo na uku sai muka ji muryar babanki daga sama, a shaƙe, tana rawa, amma ta riƙe. Direba ya ja numfashinsa ya ce, "To sauko mana, Kafinta, ka sa mun makara."

Bai dawo daidai nan take ba. Makon farko ya tsaya a kowace kwana, na biyu ya tsaya a ɗaya. Guduma dai ta koma kan ƙusarta a bango. Yana ta gwajin wata waƙa da ya ce mamanki ke yi in tana tankaɗe, yana so ki ji in kin zo. Ki zo da kofinki, Doguwa ta ce akwai gurbi cikin masu siririyar murya, kya gan ta da idonki har ki gaji.

Jiya na riga shi tahowa saboda na bar tukunya a wuta, shi ya tsaya taya mijin Doguwa tara kujeru. Na gama wanke-wanke, na kasa kunne har aka rufe shagunan layi. Mutane na hawa suna sauka. Ban ji shigowarsa ba.

Na sa sakata na yi barcina.

Goggonki ta gindin matakala.